Ƙarfen Midi

Sandar waya da ke bakin tudun Maradi tana kuka. Tasalla ta lura da haka tun zuwanta na farko, da ta jingina da ita don ta cire ƙaya daga ƙafa. Wani gunji ne siriri a cikin itacen, kamar an rufe ƙudan zuma a tulu. Ta ɗaga kai ba ta ga zuma ba, sai waya guda a miƙe da tsuntsaye biyu a kanta, ba abin da ya dame su. Wani mai jaki da ke wucewa ya ce mata maganar Nasara ce ke gudu a ciki, daga nan har Damagaram. Sai ta ja da baya, ta ba maganar hanya.

Tun daga ranar, kowace Litinin da Juma'a takan taso daga Tsibiri da asuba, da kwando a ka cike da aikin maƙerar gidansu: ruwan hauya, lauje, wuƙaƙe, da basilla ta ɗinkin buhu. Can da ba aikinta ba ne kai kaya kasuwa, ita da kanta ta nema. Ta ce ƙafarta ce ke son tafiya. Ba wanda ya tambaye ta abin da take nema a Maradi, domin kowa ya sani, kuma ba abin faɗa ba ne.

Ɗanta na fari take nema. Shekara bakwai ke nan da aka zo ɗibar soja aka tafi da shi, shekara guda bayan mutuwar ubansa Dodo. Ita kuwa, kamar kowace mace mai kunya a gidan, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tsayawa ta dube shi ido da ido ba. Kakarsa ce ta ɗauke shi tun daga yaye. In ya shigo tsakar gida sai ta juya ga tukunya, in aka yabe shi a gabanta sai ta tashi neman abin da bai ɓata ba. Da za a ce ta siffanta fuskarsa, ba za ta wuce cewa baƙi ne dogo ba. Amma kunnenta bai taɓa yin kunya ba. Ta bayan zana ta san tarinsa, ta san yadda yake jan diddigen hagu in ya gaji, ta san dariyarsa da ke farawa daga hanci kafin ta sauko baki. Duk abin da take da shi na yaron, a kunne ta ajiye shi.

Waɗanda aka ɗiba tare da shi, wasu sun komo, wasu takarda ta zo a madadinsu. Shi ko ɗaya. Da damina wani mai tallan zane ya ce ya hangi mutum a Maradi mai tafiya irin ta marigayi Dodo. Gado, wan mijinta, wanda gidan ke hannunsa, ya aika har sau biyu. Aka tambaya a biro, wato ofishin Nasara, aka bi Sabon Gari gida-gida da sunansa, ba wanda ya san mai wannan suna. Daga nan Gado ya tara mutanen gida ya sa rana: Talata ta huɗu bayan an gama ɗaurin gero, da hantsi, za a yanka baƙin bunsuru a gindin tsamiyar gidan, a kira sunan yaron cikin matattu. A gidansu, wanda aka kira a gindin tsamiyar nan ya ƙare. Ko ya komo da ƙafarsa ba mai miƙa masa ruwa. Tasalla na gefe tana gurzar auduga sa'ad da ake wannan magana, hannunta bai tsaya ba. Washegari ne ta ce a ba ta kwandon kasuwa.

Maradin da ta sani tun tana yarinya na ƙasa ne, cikin fadama, wanda Gulbi ya ci shekaru goma baya. Wancan gari lunguna ne masu lanƙwasa, katangun ƙasa na haɗiye sauti, in mace na daka a gida na uku ba ka ji sai ka zo ƙofa. Wannan sabon da Nasara ya auna da igiya a kan tudu, titunansa a miƙe suke kamar kunyar gona. Sauti ya samu hanya ba mai tare shi. In tasa ta faɗi a wancan ƙarshen titi, sai ta zo ta same ka a wannan.

Tafiyar takan fara shiru. Daga Tsibiri har rabin hanya ba abin da take ji sai ƙafarta cikin rairayi, da ƙarafan kwandonta suna ƴar hira a kanta, da kurciya. Can sai jakuna su fara riskarta, buhunan gujiya, wato gyaɗa, na ƙas-ƙas a bayansu. Sai raƙuma, su kuwa ba a jin sawunsu ko kaɗan, sai gurnani da kukan igiya a jikin kaya. Kafin ta ga rufin kwano ko ɗaya, garin ya riga ya fito taryenta. Wani ruri ne ƙasa-ƙasa, ba na hadari ba, ba na Gulbi ba, ko da yake ya ɗauko kama da su biyun. A nan takan tsaya ta gyara gammo, tsigar jikinta na tashi, kuma ba tsoro ne kaɗai ba.

Daga nan abin sai ya rufe ta. Kamiyo, babbar motar kaya, na hawan tudu yana nishi kamar mai naƙuda, ya yi shiru ɗan lokaci har ta ce ya mutu, sai ya canja murya ya ci gaba. Begila na tashi daga bariki, siririya, mai yanka iska. Ta gefen lakwal ƴan makaranta na maimaita kalma ɗaya ta Faransanci da baki ɗaya, kalmar na tashi tana sauka kamar taɓarya. Ta tagar biro wani abu na caccaka, da farko ta ɗauka kaji ne aka zuba wa tsaba a faranti, sai da ta leƙa ta ga mutum ne da riga fara yana dukan akwatin rubutu da yatsu. A Sabon Gari teloli goma a jere, kowa da kekensa, kuma ba keke biyu masu murya ɗaya. Masu ga-ruwa na wucewa garwaninsu na ɓal-ɓal. Ƙararrawar keke a bayanta, ta kauce hagu, wata a gabanta, ta kauce dama. Injin niƙa kuwa ba kunne yake shiga ba, ta tafin ƙafa yake hawa har ya zo haƙori. Kalangun mahauta na shelar an yi yanka. A ƙofar wani kanti akwai akwati mai baki kamar furen kabewa, mace na waƙa a ciki da harshen da ba na nan ba, ba ta gajiya, ba ta shan ruwa.

Zuwan farko duk wannan abu ɗaya ne a kunnenta, dunƙule. Ta koma gida kanta na sara. Sannu a hankali ta koyi tsefe shi kamar tsohon kitso, tana raba sili da sili, tana ajiye injin gefe, tana ajiye jakuna gefe, har ta kai ga muryoyin maza. Su take so. Amma wani lokaci sai ta manta abin da ya kawo ta, ta tsaya a mararraba baki sake, tana mamakin yadda mutane ke haihuwa su yi barci su mutu a cikin wannan, ba wanda ya ko ɗaga kai. In ta tuna sai kunya ta kama ta, ta ƙara sauri.

A kasuwa wurin zamanta ya faɗo kusa da wata mata ƴar Jiratawa, Rabi, mai albasa da ganyen taba. Tsararta ce, gajera, mai muryar da ake ji tun daga layin mahauta. Ranar farko ta zuba wa Tasalla ido tun hantsi har rana ta take, ta ga ba ta yi talla ko sau ɗaya ba.

"Ke Bagobira," in ji ta, "laujen nan shi zai tashi ya yi tallan kansa?"

Tasalla ta ce a garinsu wanda ke son lauje ya san kamarsa. Rabi ta ce to nan ba garinsu ba ne, nan ko mutuwa ta zo sai ta yi shela kafin a kula ta. Daga ranar ta haɗa kayan biyu a bakinta: ga albasa, ga wuƙar yanka ta; ga taba, ga laujen girbin ta. Kayan Tasalla suka fara tafiya. Ita kuwa ta samu abin da take so, wato a bar ta ta zauna shiru tana saurare.

Rabi ba ta barin komai ya wuce ta. Wata rana ana hirar kaka, wata mai daddawa ta tambayi Tasalla abin da suka samu bana. Ta ce gero ya yi, wake ma ya yi, ita ma ƙanwar geron nan mai jan kai ba laifi. Rabi ta ajiye mudu ta dube ta, sannan ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Ta ce ta gane, mijin Bagobira Maidawa ne, shi ya sa dawa ta zama ƙanwar gero. Ta ce Allah ya jiƙan namijin da yana kabari ma ya hana mace kiran tuwonta da suna. Tasalla ta sunkuyar da kai ta bar ta a haka. Sunan kam Rabi ta samo shi, mai sunan ne ta ɓata.

Makonni suka wuce. Sau ɗaya ta ji dariya a tashar mota da ta fara daga hanci, ta bar kwandonta wurin Rabi ta bi ta titi uku, ashe wani Bazabarme ne mai awon gishiri. Sau ɗaya kuma ta bi wani jan diddige har ƙofar bariki, ya juyo, ashe tsohon gardi ne mai furfura, ɗan sandan Nasara, ya tambaye ta ko ƙara ta kawo. Duk daren da ta koma, bunsurun na ɗaure a turke kusa da rumbu, yana cin harawa, yana ƙiba.

Ran Litinin ta ƙarshe ta zo ne don kada a ce ba ta zo ba. Tun hantsi take ta ɗaure kwando tana kwancewa. Ta gaya wa Rabi yau da wuri za ta koma, akwai niƙa mai yawa na jiranta, gobe suna da baƙi. Rabi ta tambaya suna ne ko biki, ta ce ba ko ɗaya. Rabi ta ce to ko mene ne ba za ta koma da basilla ashirin a kwando ba alhali masu ɗinkin buhu na can filin kampani suna ɗinki da ƙaya. Ita ma can za ta, leburori na sayen taba in sun tashi hutu. Ta ɗora mata kwando, ta ɗauki nata, ta shige gaba.

Tasalla ba ta taɓa zuwa wannan gefen gari ba. Fili ne babba da aka kewaye da waya, a ciki an jera buhunan gujiya an yi dala uku, kowace ta fi rimi tsawo. Leburori na hawa da buhu a wuya bisa matakala ta buhuna, ɗaya na ba da waƙa daga sama, sauran na amsawa da nishi. Sikeli na kaɗawa, akawu na kiran awo da Faransanci, wani na maimaitawa da Hausa. Ana ɓarzar gujiya a injin hannu guda shida, ƙararsu kamar ruwan sama a kan kwano. Masu ɗinkin buhu suka wawashe basillar kafin ta gama sauke kaya, har da wuƙaƙe biyu. Kwandon ya zama ba nauyi.

A tsakiyar filin akwai itacen darbejiya, an rataye wani tsohon ƙarfen kamiyo a reshensa. Rabi ta nuna mata da haɓa ta ce shi ne ƙarfen midi. Tasalla ta san shi daga nesa. Kullum in rana ta take tsaka ana jinsa har kasuwa, bugu goma sha biyu, mata su ce midi ta yi. Ba ta taɓa kula shi ba, domin ƙarfe ne, ita kuwa murya take nema. Rabi ta ce mai buga shi wani tsohon soja ne da bai iya lissafi ba, kullum akawu na yi masa faɗa wai yana cusa ƴan ƙanana a tsakani, har sha biyu ta koma talatin da shida.

Tana cikin faɗa wani mutum ya fito daga inuwar dala ya nufi itacen, bayansa gare su. Tasalla na duƙe tana naɗe tsummanta.

Bugu na farko ya tashi, mai nauyi, wanda ta sani. Sai a bayansa wasu biyu ƴan ƙanana suka biyo, na biyun ya fi na farkon sanyi, kamar mutum ya yi magana sannan ya sauke numfashi. Waɗannan ba su kai wa kasuwa. Sai wanda ke tsaye a filin.

Tsumman ya faɗi daga hannunta.

Kowane maƙeri da yadda yake hutar da masabarsa. Gado in ya bugi jan ƙarfe sai ya taɓa uwar maƙera sau ɗaya. Waɗansu ba su taɓawa ma. Dodo kaɗai ne a Tsibiri ke barin masaba ta faɗi sau biyu, na biyun ƙasa da na farkon, yana cewa ƙarfe ma na son ya numfasa. Shekara ashirin da wannan take gane ko mijinta lafiya yake ko ransa a ɓace, ba tare da ta leƙa maƙera ba. Kuma mutum ɗaya ne ya zauna a gindinsa yana jan zuga-zugi tun yana shekara shida har hannunsa ya ɗauka.

Bugu na biyu, da ƴan biyunsa. Na uku. Mai ba da waƙa a saman dala ya yanke a tsakiyar baiti. Injinan ɓarza suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Buhuna suka sauka daga wuya. Akawu ya rufe littafi. Can cikin gari injin niƙa ya yi tari sau biyu ya tsaya, sai ta ji ƙasa ta daina rawa a ƙarƙashin ƙafarta. Kekunan teloli da take jiyowa daga Sabon Gari suka ragu, suka ragu, suka ɗauke. Kafin na sha biyu ya gama kaɗawa a cikin iska, wannan ruri da ke fitowa taryenta tun daga bakin tudu, wanda ta ɗauka ba mai iya tsai da shi sai wanda ya halicce shi, ya kwanta kamar saniya. Har ta ji kurciya a kan darbejiyar. Gari guda ya ajiye aikinsa saboda hannun nan, kuma sau takwas tana zaune a kasuwa tana jinsa.

Rabi ta juyo za ta ce ta ji ko, sai ta ga fuskarta. Ta tambaye ta ko jiri ne. Tasalla ta girgiza kai. Kusa da su wani jaki na cin dawa a ƙwarya yana zubarwa. Ta miƙa hannu ta tsinci ƴan ƙwayoyi, ta kamo hannun Rabi ta zuba mata a tafi, ta rufe mata yatsu, sannan ta karkata kai wajen itacen ba tare da ta duba ba.

"Mijinki ai kin ce ya mutu," in ji Rabi.

Ta sake girgiza kai. Rabi ta buɗe tafinta ta dubi dawar, ta dubi bayan mutumin, ta dubi Tasalla da ta ƙi ɗaga ido.

"Na fari ne?"

Tasalla ta ja gefen zane ta rufe baki. Dariyar da ke zaune kullum a fuskar Rabi ta tashi. Ita ma tana da nata a Jiratawa, magidanci da ƴaƴa huɗu, wanda har yau take kira wancan mutumin. Tasalla ta matso da baki kusa da kunnenta ta gaya mata, a gajarce, abin da za a yi gobe da hantsi a gindin tsamiya, da abin da ake niƙan dominsa. Rabi ta yi salati a hankali. Ta tsai da wani lebura ta tambaye shi sunan mai buga ƙarfe, ya ce Idirisa Soja ne, mutum ne marar magana, nan yake kwana a rumfar mai gadi. Sai ta gyara ɗaurin zane, ta ɗauki ƙullin taba guda, ta nufi itacen.

Tasalla ta zaga bayan dala ta tsuguna, ta jingina baya da buhuna masu ɗumi. Daga nan ba ta ganin kowa, amma tana ji.

Ta ji Rabi ta yi sallama, ta yi masa sannu da aiki, ta yi tallan tabarta kamar kullum. Ya ce ba ya ci. Muryar ta yi ƙasa, ta yi kauri, kamar an daɗe ba a yi amfani da ita ba, amma ita ce. Tasalla ta danna tafin hannu a ƙasa. Sai Rabi ta rage murya, abin da ba ta saba ba, ta kira shi da sunan da aka raɗa masa a Tsibiri.

Wani abu mai nauyi ya sauka a rairayi, abin bugun da ke hannunsa.

"Iya, wa ya ba ki wanga suna?"

"Wadda ba ta iya faɗarsa."

Ya yi tari. Ya ce ai mai wannan suna ya daɗe da ɓata, shi Idirisa ne, haka aka sa masa ranar da ya fara salla a can inda aka kai su. Ya ce ya ga ƴan aiken baffansa da damina sun wuce ta bakin waya, ya juya fuska ga buhuna har suka tafi. Rabi ta tambaye shi laifin me gidan ubansa ya yi masa. Ya ce ba laifi. Sai aka ji motsin riga, kamar an ɗaga ta an saki.

"Ayya," in ji Rabi. "Hannun fa?"

"Ya zauna can. Ɗan maƙera ne ni, Iya. Da wanne zan riƙe awartaki, da wanne zan buga?"

Tasalla ta rufe ido. Ta ga ashe tun ɗazu kunnenta ya gaya mata: ƙarfen na lilo bayan kowane bugu, ba a tare shi, domin ba hannun da zai tare.

Rabi ba ta lallashe shi ba. Ta ce ita dai yanzun nan ta ga mutum ya tsai da Maradi kaf da hannu guda, har da injin Nasara, ba ta ga abin da zai hana shi ɗaga ƙwaryar ruwa a gidan ubansa ba. Ta ce amma in yana son ruwan nan to ya yi sauri, domin gobe da hantsi za a kai bunsuru gindin tsamiya. Ba ta ƙara bayani ba, shi ya fi ta sanin ma'anarsa.

Can gefe leburori na wanke hannu, ana buɗe ƙwaryar fura, wani na dariya can nesa. Tasalla ta ƙara kasa kunne.

Da ya yi magana, tambaya ya yi ko mashigin Gulbi ya bushe. Rabi ta ce ita ƴar kudu ce, amma Bagobira na ratsa shi sau huɗu a mako ba ta taɓa zuwa da jiƙaƙƙen zane ba. Ya ce sai ya ga akawu tukuna, a samu wanda zai buga midin gobe. Rabi ta ce ko ita ta iya, kuma nata sha biyu zai tsaya sha biyu. Wani ɗan sauti ya fito masa ta hanci, bai kai baki ba. Ya ce in ya taso da asuba ya isa kafin rana ta yi zafi. Sannan ya yi ƙasa da murya ƙwarai, har sai da Tasalla ta karkata kai.

"Tana kusa?"

Rabi ta ce tana nan bayan buhunan can, ba ta tafi ko'ina ba.

Aka fara takowa. Tasalla ta miƙe. Ba ta jira mai ɗora mata ba, ta ɗaga kwandon da kanta ta aza a ka, ko gammo ba ta gyara ba. Ta zaga ta ɗaya gefen dalar, ta bi bayan masu ɓarza da ke zaune suna cin abinci, ta fita ta ƙofar da raƙuma ke fita. Wani ayari da ya sauke kaya na komawa arewa, ta shiga tsakanin na ƙarshe da wanda ke gabansa, inda dogayen ƙafafu suka rufe ta. Ba ta waiwaya ba. A bayanta ta jiyo Rabi na cewa nan fa ta bar ta, ga ma gurbin kwandon a ƙasa.